Jirgin Da Ke Kwana Biyu A Sama

"Awa nawa jirginku yake yi a sama, Auta?"

Ya ajiye cokali. Matarsa ta sunkuyar da kai. Baffansa, ƙanin marigayi mijina, wanda na kira ya bi min haƙƙina, ya gyara zama.

"Inna, ai na sha faɗa miki..."

"Kwana biyu ka ce! Shekara huɗu kana ce min kwana biyu!"

Ban yi boko ba, amma kunnena ƙalau yake. Jiya maƙwabciyata mai aikin sayar da tikitin jirgi ta shigo aron dutsen guga, ta tarar da ni jugum da carbi. Na ce mata Auta yana sama, sai gobe zai sauka. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai daga garin da yake aiki zuwa nan awa tara ne kacal, kilomita dubu bakwai da 'yan kai.

"Awa tara ne," Auta ya ce can ƙasan maƙoshi.

"Sauran fa? A gajimare kake kwana?"

Baffa ya ƙirƙiro tari. Na watsa masa harara.

"A gidana, Inna..." in ji Auta.

Ni da na goya shi! Duk tahowarsa ko loma ba ta wuce min, ina ta roƙon Allah kar ƙarfen nan ya faɗo min da ɗa. Ashe yana can ana ce masa "hasken idona", ana fifita masa shayi!

"Baffa, ka ji ko? Ta sace min kwana guda duk shekara. A biya ni!"

Sai yarinyar ta durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Inna, ni na roƙe shi. Sati ɗaya ake ba shi hutu. Da ya shigo nan, ɗakinki yake wuni, girkinki yake ci, ya dawo min yana gyangyaɗi. Shekara guda nake jiransa ni ma... Na ji kunyar in roƙe ki."

"Kunya? Ƙarya ba ta ba ki kunya ba?"

"Ina son ta, Inna," Auta ya ce. "Ke kuma ba na iya ce miki a'a."

Gaskiya ne, ko ƙofa ya nufa sai na ce dawo ka ƙarasa min labari.

Baffa ya ce, "To Yaya, me za a biya ki?"

Na share ido da gefen mayafi, na dubi Auta.

"Da ƙafarka ta taɓa ƙasa, ka kira ni ka ce Inna na sauka. In ci abincina."

Na juya kan matarsa.

"Ke kuma tashi, kin jiƙe min tabarma. Ɗauki mijinki ku tafi... Amma jibi tun da safe nawa ne!"