Hannu Ɗaya a Aljihu

Auta ba ta manta ranar da ta fara ganinsa ba. A ɗakin gwaji na kamfanin da take koyon aikin lantarki ne, ta sunkuya kan wata buɗaɗɗiyar inbata, na'urar da ke ba da wuta in an ɗauke, sai ta ji muryar Injiniyan kamfanin a bayanta.

"Malama, hannu ɗaya a aljihu! In kika sa biyun, ta ƙirjinki wuta za ta bi."

Tun daga nan Injiniya ya zauna mata a rai.

Bayan shekara guda, da maganar aure ta taso, ya zo gaida Baba. Ana cikin hira inbatar falo ta soma wata irin ƙara, Baba ya ce masa ya duba. Injiniya ya miƙe, ya cusa hannun hagu a aljihu, a haka ya yi ta bayani. Baba ya haɗe fuska.

"Kin gani?" Baba ya ce bayan ya tafi. "A gabana, hannu a aljihu, kamar yana magana da yaron gidansa! Yau ɗin nan ki ce min kin rabu da shi."

"Baba, dokar aiki ce..."

"Rufe min baki!"

Goggo ta taɓe baki. "Mu dai mun ga surukai, amma ba mu taɓa ganin mai tsayuwar sufeto ba."

Mako uku Auta ba ta furta kalmar rabuwar ba, ba ta kuma ɗaga wayar Injiniya ba. Kuka take a banɗaki ta wanke fuska ta fito. Inbatar kuwa tana lungu tana gurnani, ƙaurinta na ƙaruwa kullum, Baba ya hana kowa taɓa ta.

Ranar Asabar da hantsi ta jiyo ƙarar sukudireba. Ta fito a guje, ta tarar da Baba ya ɓalle murfin inbatar.

"Na kashe ta, me ya rage?"

"Baba, ko an kashe, cikinta na riƙe da wuta! Kada ka..."

Tas! Baba ya yi baya, kansa ya daki kujera. Goggo ta ɗora hannu a ka tana salati. Yatsunsa biyu sun ƙone. Ɗaya hannun yana riƙe da tabarau, shi ya cece shi, wutar ba ta bi ta ƙirjinsa ba.

Auta ta durƙusa tana ɗaure masa yatsun, hawaye na ɗiga a bandejin. Ya daɗe yana kallon tabarau ɗin.

"Ashe abin da yaron nan yake gudu ke nan," ya ce a hankali. "Na yanke wa mutum hukunci a kan abin da ban sani ba. Ke kuma kika haƙura, ko sau ɗaya ba ki ɗaga min murya ba. Haƙurinki ya fi fushina, Auta. Kira shi."

Ta ɗago ta dube shi.

"Zan kira shi, Baba. Kuma na yi maka alkawari: ba zan taka ƙofar gidansa ba sai da albarkarka, ko shekara nawa za ta ɗauka."