Bututun Ƙarƙashin Sinki

Yana kwance a ƙarƙashin sinki, rabin jikinsa a cikin kabad, ya fara jin muryarta.

"Malam, kada ka taɓa ruwan nan haka. Ungo safar hannu."

Ya leƙo. Budurwa ce cikin farar rigar aiki, tana harararsa kamar ya yi mata sata. Shi da kowa ke kira Sifana saboda sifanar da ba ta barin aljihunsa, shi da bakinsa ba ya mutuwa, ranar sai ya daburce. Ya karɓi safar ya sa ta a baibai.

Wurin ɗakin bincike ne a ƙarshen layinsu, mutane na ce masa lab. A nan ake sauya wa wasu ƙwayoyin halitta tsari, irin waɗanda ido ba ya gani, don su riƙa cinye baƙin man da ya malale a ƙasa. Ita ke kula da su. Gyaran da bai wuce na minti ashirin ba, sai da Sifana ya yi masa zuwa uku, a na ukun ya tafi da lambarta.

"Farar Riga, ya 'ya'yanki? Sun sha man nasu?" haka yake rubuta mata.

"Sun ƙoshi, Injiniyana. Kai ne ban sani ba ko ka karya."

Matsalar tana gida. Mamansa ce kan gaba a matan layin da ke neman a rufe lab ɗin, kuma kwatar da ta fito daga can ta ƙofar gidansu take bi. Ranar da ya kai mata maganar aure tana shara, ta jingine tsintsiya.

"Duk 'yan matan duniya ka rasa wadda za ka kawo min sai mai wasa da halittar Allah?"

"Mama, gyara suke yi. Hukuma ce ta ba su izini."

"Hukumar a layin nan take kwana? Abin da suka ƙera in ya fita, wa zai kira shi ya dawo? 'Ya'yan yayarka a bakin kwatar nan suke wasa. Ban yarda ba."

Ana cikin haka hukuma ta sa ranar Asabar don jin ta bakin mutanen unguwa kafin ta sabunta izinin.

Saura kwana uku, sinkin ya sake toshewa. Wannan karon Sifana ya bi bututun har bayan gini ya tona. Dokar wurin ita ce duk ruwan da aka wanke kwalabe da shi sai ya bi ta wani tanki da ke dafa shi, ya kashe komai, sannan ya fita. Amma bututun ƙaramin sinkin bai je tankin ba. Wanda ya yi aikin ginin ya haɗa shi kai tsaye da kwata.

Ya kira Farar Riga ya nuna mata. Tare suka fito da shugaban sashensu, wani Dakta da ya daɗe yana yi mata shawagi ba ta kula shi.

"Ƙwayoyinmu ba sa rayuwa a waje," in ji Dakta. "Haɗa shi da tanki yau, magana ta mutu a nan."

"Zan gyara, amma ba zan ce ban gani ba," in ji Sifana.

Dakta ya yi murmushi ya dube ta. "Kin san ɗan wa ne, ko? Uwarsa ta turo shi."

Ta juyo idonta ya ciko. "Dama abin da ya kawo ka wurina ke nan?"

Maganar ta ƙona shi ƙwarai. Ya toshe bakin bututun, ya kwashe kayansa ya tafi. Da yamma ya rubuta mata:

"Ban gaya wa kowa ba. Amma in Mama ta tambaye ni ranar Asabar ba zan yi mata ƙarya ba. Wallahi ina sonki, kuma na san wannan zai iya raba mu."

Kwana biyu yana duba waya, shiru.

Ranar Asabar zauren makarantar unguwa ya cika. Wani mai lambu ya ce baƙin mai ya kashe masa shuka, a bar su su yi aiki. Wata malamar makaranta ta ce ita ba ta ƙi ba, amma wa ke sa musu ido? Sai Dakta ya karɓi makirufo ya ce ko ɗigon ruwa ba ya fita daga wurinsu sai an dafa shi.

Mama ta miƙe. "Ɗana ne ke yi musu gyaran famfo. Tashi! Ka ji tsoron Allah, gaskiya ya faɗa?"

Sifana ya tashi. Ya hango Farar Riga a layin gaba, kanta a ƙasa. Ya buɗe baki ke nan sai ta miƙe.

"Mama, ni ya kamata ki tambaya." Ta juyo ta fuskanci zauren. "Akwai sinki ɗaya da ruwansa ke shiga kwatarku ba a dafa ba, tun da aka buɗe wurin. Na ɗebi ruwan na gwada, ban samu mai rai ba, amma kada ku tsaya a kan bakina, a kawo wasu su gwada. Ɗanki ne ya gano. An ce ya yi shiru ya ƙi, ni kuma na zarge shi. Ban kyauta masa ba."

Zaure ya kaure da hayaniya. Nan take jami'ar hukuma ta ce an rufe lab ɗin sai an gama bincike.

A bakin ƙofa Mama ta tare Farar Riga. Sifana ya matso kusa.

"Kin san aikinki kika kashe da bakinki?"

"Na sani, Mama."

"Har yanzu fa ban yarda da abin da kuke yi ba."

"Na sani."

Mama ta miƙa hannu ta gyara mata wuyan riga. "In dai sai an buɗe wurin nan, ke nake so a ciki." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma rufe bakin. Je ka gaya wa baffanka ya shirya zuwa gidansu."

Wata uku Farar Riga tana zaune a gida babu aiki, ba ta san ko za a sake ɗaukarta ba. Gwajin ya fito babu cuta a kwatar. Aka buɗe lab ɗin da sharaɗin mutanen unguwa su riƙa shiga dubawa duk wata, kuma sunan Mama ne na farko a takardar.

A watan aka ɗaura auren. Da aka kai amarya, Mama ta haɗa hannuwansu a nata.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a masu gaskiya irin taku. Ke kuma 'yata, ranar Litinin ina nan tafe duba bututunku."

"Sai kin zo, Mama," in ji amarya, tana dariya tana share hawaye. "Zan ajiye miki safar hannu."