Layin da Aka Matsar

Bayan sallar la'asar aka buga wa komisariyar 'yan sandan Madawa waya: an tsinci Abdoulkadir kwance cikin shagonsa, an fasa masa kai da dutse.

Insifekta Mahdi ya san shagon, kuma bai taɓa ƙaunarsa ba. Nan mamacin yake tara samari yana koya musu cinikin kuɗin ƙasashe ta salula. Sai ya ja layi ƙarƙashin farashi, ya ce in farashin ya sauko ya taɓa layin sau uku, a saya, dole ya tashi.

Gawar ba ta daɗe da riƙe idon Mahdi ba. Bakin ƙofa ya tsaya kallo. An jera duwatsu tsaf, manya a ƙasa, ƙanana an cusa su a tsakani. Mai gudun laifi ba ya tsayawa wannan aiki.

'Yan sanda sun riga sun kama Nazir, abokin sana'ar mamacin, don an ji su suna cacar baki da safe. Ya rantse bai taɓa shi ba, ya ƙara da cewa duk ɗalibansu riba suke ci.

"Duka?"

"Duka, ranka shi daɗe."

Mahdi ya karɓi salularsa ya buɗe zauren hirar ɗaliban. Ya tarar da hoto biyu na kasuwa ɗaya. A na farko farashi ya keta layin ya zube. A na biyu layin ya sauko ƙasa, kamar dama can nan yake. Ƙarƙashinsa Abdoulkadir ya rubuta cewa Mahaman na Tamaske ne bai iya kallo ba, ya koma noma. Samari suka bi da dariya.

Sai a nan Nazir ya tuna gaskiya. Mahaman gonar gidansu ya sayar ya zuba. Da kunya ta ishe shi ya nufi Libiya, mota ta lalace da su a hamada, can ya rasu, wata huɗu ke nan.

Ran Mahdi ya ɓaci ƙwarai. Shi ma ɗan yankin ne, daga Keita kusa da Tamaske, uwarsa ta yi shekaru tana dakon dutse a aikin raya ƙasa. Jerin nan na bakin ƙofa, irin wanda mata ke yi ne a gangare don tare ruwa.

Washegari da hantsi ya isa Tamaske. Husaina, uwar Mahaman, tana zaune tana sussukar dawa. Ta ce rabonta da Madawa tun damina.

"Inna, mu ga hannu."

Yatsunta duk sabuwar ƙujewa. Ya ce mata akwai yaron mutane a kulle, shi za a kai gaban alƙali. Ta ajiye dawar.

"Ku sake shi, ni ce. Gonar nan hwaƙo ce, ko ciyawa ba ta yi, da kaina na ɗauko mata dutsi har ta yi hatsi. Wanga mutum Abdoulkadir ya ce ma ɗana layinai kamar jerin dutsina ne, ba ya karyewa. Da wagga magana ya ci shi."

Ta ce ba kisa ya kai ta ba. Ta je ne ya faɗa da bakinsa cewa layin ya karye. Sai ya juya mata kwamfuta, ya sa yatsa ya ja layin ƙasa a gabanta, yana murmushi, ya ce, ga shi nan lafiya lau.

"Mu in ruwa ya hwasa jeri, tsayawa muke mu gyara. Ba mu matsar da shi mu ce ruwa ya yi ƙarya."

"Duwatsun ƙofa fa?"

"Don kowa shi ga yadda aka jan layi."

Mahdi ya tambaye ta ko tana nadama. Ta ce tana yi, ta makara da wata huɗu.

Bai sa mata ankwa ba. Ta ɗauki mayafinta ta shiga mota da ƙafarta. Da suka fita gari suka bi ta gefen gonar, dawar wani ta nuna a bayan jerin duwatsunta. Husaina ta bi ta da ido har ta ɓace.

"Ka gani," ta ce. "Nawa bai karye ba."