Ƙofa a Buɗe, Baki a Rufe

Baffa ya ce shi ba ya buƙatar wani ofis ya koya masa kula da yara. Ya ce 'ya'yansa takwas, kuma ko tari ɗayansu ya yi a makaranta, shi daga kasuwa yake jiyowa. Ya faɗi haka ne ranar da Auta, 'yar wansa, ta samu aikin koyo a ofishin kare yara. Ba wanda ya musa. A gidan an daɗe da gane cewa musu da Baffa ƙara wa zancen tsawo ne kawai.

A ofis abu biyu shugabarta ta fara koya mata.

"In kina tare da yaro, ƙofa a buɗe. In kin fito, baki a rufe. Ko uwarki ce ta tambaya."

Aikenta na farko wata firamare ce. Malamin aji uku ne ya tarbe ta, dogo, da ƙurar alli a gira. Ya kai ta ɗakin malamai, ya tura ƙofa saboda hayaniya.

"Malam, buɗe ƙofar."

"Ai dokar taku ta yara ce. Ni na girma."

"Ban ga takardar haihuwarka ba."

Ya buɗe, ya jawo kujera ya tokare ta, kamar iska ma kada ta yi musu shaidar zur. Da za ta tafi ya nemi lambarta, wai ko aiki zai taso. Kafin ta isa bakin titi aikin ya taso.

"Hajiya Buɗe-Ƙofa, kin isa lafiya? Kujerar na nan inda kika bar ta."

"Malamina, ka goge girarka. Yara na yi maka dariya."

Haka aka fara. Ba a jima ba ya zo gaida Baba, mahaifin Auta, da takalmin da ya sha goga har yana ɗaukar ido.

Baffa ne ya ce a'a. Ya ce bai san yaron ba, bai taɓa ganinsa ba. Shi yana da nasa, ɗan abokinsa, wanda ake kira Manaja. Shagon waya yake riƙe da shi, ma'aikatan su biyu ne har da shi. Yana yawo da makullin mota a yatsa, motar kuwa tana wajen gyara tun kafin a san shi. Ya gaya wa Auta cewa in ya aure ta za ta bar leƙa gidajen mutane ta huta. Ta yi masa godiya, ta tambaye shi lafiyar motar.

Ana cikin haka aka ba ta aikinta na farko na gaske. Wani ya kai rahoto ofis a kan wata yarinya mai shatar bulala a baya, wadda ke zabura in an ɗaga hannu kusa da ita. Ba a gaya wa Auta wanda ya kai rahoton ba, haka tsarin yake. Uban yarinyar shi kaɗai ne da ita tun da matarsa ta tafi. Da ƙyar ya yarda Auta da shugabarta su riƙa zuwa, ya kuma kafa sharaɗi: ranar da ya ji maganar a bakin wani a unguwa, zai kwashe 'yarsa ya kai ta inda ba mai sake ganinta.

Baffa ya ga Auta tana shiga gidan. Shugabar da ke gabanta bai gan ta ba, ko kuma ya ga ba ta da amfani a labarin. Kafin yamma zancen ya isa kunnen mahaifiyar Malam: yarinyar da ɗanki ke nema tana zarya gidan wani gwauro.

Saƙon Malam ya shigo wa Auta tana cikin mota.

"Abar ƙaunata, an ce an gan ki wani gida. Ban yarda ba. Gaya min kawai in rufe bakin Umma."

Ta rubuta, ta goge. Ta sake rubutawa.

"Aiki ne. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan."

"Ko ni?"

"Ko kai, Malamina."

Bai amsa ba. Washegari ma shiru. Ta riƙa duba wayar har shugabarta ta ce ta ajiye ta ko ta haɗiye ta.

Baffa ya sa aka yi zama a falon Baba. Aka kira Malam, wai ya ji da kunnensa. Manaja ma ya zo, ba wanda ya san wa ya gayyace shi. Auta ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar mahaifiyarta.

"Magana ɗaya ce," in ji Baffa. "Ta faɗi abin da ke kai ta gidan nan, ko kuwa ni ba zan ba da aurenta ga kowa ba sai wanda zai zaunar da ita."

Manaja ya gyara zama, makulli ya yi ƙara.

Baba ya dube ta. "Auta, ki faɗa mana. Mu ne fa."

"Baba, ka yi haƙuri."

"Ko sunan abin?"

"Ba nawa ba ne, Baba. Da nawa ne da na ba ka."

Mahaifiyarta ta matse mata kafaɗa, ta ce a hankali, "Ke, aurenki ne fa." Auta ta ji. Ta kalli Malam, shi kuma yana kallon tabarma. Ta san kalma uku za su ishe ta, ta kuma san kafin su fita daga falon nan Baffa ya kai su kasuwa. Ta haɗiye su, ta gyara mayafinta.

"Kun gani ko?" in ji Baffa. "Da idona na gan ta. Gidan nan mai koren ƙyaure, bayan gidan mai."

Malam ya ɗago kai.

Ya san gidan. Yarinyar gidan a ajinsa take, layin gaba, kusa da taga. Shi ne ya je ofis da ƙafarsa ya kai rahoton, aka ce masa ya koma ya kama bakinsa, za a tura ma'aikaciya. Bai taɓa tambayar wace ce ba.

"Baba," ya ce, "ni ba ni da tambaya."

"Kai ka san abin da take yi a can?" in ji Baffa.

"Na ce ba ni da tambaya, Baffa. In an ba ni ita, da aikinta nake so."

Baba ya daɗe yana kallon su biyun, ɗaya ta ƙi faɗa, ɗaya ya ƙi tambaya. Sannan ya juya ga ƙaninsa.

"Yarinyar da ta gwammace ta rasa miji da ta tona gidan wani, ni ban ga abin da zan ji kunya a kanta ba. Na ba shi."

Manaja ya tuna yana da mitin.

Da yamma wayarta ta yi ƙara.

"Ki yafe min shirun da na yi, Buɗe-Ƙofa."

"Na yafe. Ba zan tambaye ka me ya sa ka daina tambaya ba."

"Gara haka. Ni ma ba zan faɗa ba."

Ranar ɗaurin aure Baffa ne ya ba da ita, da babbar riga mai sitati. Aka yi addu'a Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, mahaifiyar Malam ta rungume Auta har sai da aka janye ta. Yarinyar gidan koren ƙyaure na nan a ajinta, kusa da taga.

Baffa yana tsaye yana gaya wa baƙi cewa shi ya binciko angon tun daga tushe, sai autarsa ta ratso mutane ta riƙe hannun Malam.

"Malam, gobe ma ba za ka zo aji ba?"

Baffa ya sunkuyo. "Ke, a ina kika san shi?"

"Malamin ajinmu ne, Baba."

"Ke ba aji ɗaya kike ba?"

"Uku."