Hoton Mai Rai a Teburin Matattu

A wani shagon littattafai na San Antonio, Griselda ta dangwarar da littafin da ta saya a kan tebur tana yatsina fuska.

"Ku karɓi abinku. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa binne kowa ba."

Saurayin da ke jera kaya ya ɗago. "Me ya yi miki?"

"Matar ciki ta ɗora hoton aurenta a teburin tunawa da matattu, ita da marigayin mijinta, alhali tana raye. Ko yaro ya san sa hoton mai rai a nan kiran mutuwa ne. Ƙyama ya ba ni."

"Ni na rubuta. Sunana Efraín."

Ko haƙuri ba ta ba shi ba, don bara ta binne mahaifinta, ciwon bai warke ba. Lambarta dai ta ba shi, wai don ta ƙarasa zagin.

Zagi ya yi tsawo har ya koma hira. Kullum sai saƙonsa ya shigo: "Sarauniyar tsaki, yau wane shafi ne ya ɓata miki rai? Na yi kewar faɗanki."

Son shi ya riga ya kama ta ranar da ya gaya mata gaskiya: matar littafin mahaifiyarsa ce, kuma haka ta yi. Ƙyamar ta dawo sabuwa.

"Ɗan da ya sayar da hawayen uwarsa, gobe naki zai kai kasuwa," in ji mamarta, Doña Herminia. "Ba a gidana ba."

Griselda ta daina amsa saƙonsa, tana kuka tana jin haushin kukan.

Ranar Lahadi sai ga mahaifiyarsa, Doña Chayo, a gidansu Griselda da tukunyar tamales, wani irin alalen masara.

"Ni na sa shi ya rubuta, 'yata. Kowa a gidan ya ga hoton ya kau da kai, shi kaɗai ya tambaye ni dalili. Na ce bin babansa lahira nake so. Na ce ya rubuta, ko wani ya ji."

Doña Herminia ta jawo mata kujera.

Ranar auren Griselda da Efraín, Doña Chayo ce ta zagaya igiyar furanni a kafaɗun ango da amarya, bisa al'adarsu.

"Allah ya bar ku tare," ta ce, "ni ma ya bar ni in gani."