Ɗan-rijiya

Na'urar da ake kira Rariya tana ratsa gonakin Sabuwar Dambatta a hankali, tana kwasar ƙasa da bakinta na ƙarfe. Kyamarorin cikinta suna duba kowace halitta. Wadda rajistar ƙwari ta ce mai amfani ce, a mayar da ita gona. Wadda ta ce maɓarnaciya ce, hasken leza mai tsananin zafi ya ƙone ta nan take.

Dakta Rakiya Magaji ce ta haɗa rajistar. Ana saura kwana biyu a ƙaddamar da na'urar, aka kawo mata wani buzuzu makaho, bai kai ƙwayar dawa ba. Ya yi kama da wani mai cin saiwar gero. Gwajin ƙwayoyin halitta yana cin mako uku, ita kuma ba ta so a ɗage bikin saboda ita. Sai ta jefa shi cikin dangin maɓarnata.

Bayan damina shida, wani tsohon manomi, Baba Tanko, ya same ta a ofis.

"Dakta, ruwa ya daina shiga ƙasa. Kwanciya yake yi har gero ya ruɓe. Tun da injinku ya zo ban sake ganin ɗan-rijiya ba."

"Wane ne haka, Baba?"

"Ɗan mitsitsin buzuzun nan mara ido. Shi ke huda ƙasa ruwa ya bi."

Rakiya ta tuna da buzuzun nan makaho. Ta ciro kwalbar da ta ajiye shi a ciki, ta yi gwajin. Ba shi da alaƙa da mai cin saiwa. Jinsi ne mai zaman kansa, wanda kimiyya ba ta taɓa rubutawa ba, kuma a wannan yankin kaɗai yake rayuwa.

Gyara rajistar bai ɗauke ta minti ɗaya ba. Ita da Baba Tanko suka shekara suna tonon gonaki, ba su samu ko ɗaya ba.

Hukumar birnin ta sa aka ƙera sabuwar na'ura mai allurai dubu don huda ƙasa. Ranar gwaji, ta yi kadada biyu batirinta ya mutu. Baba Tanko ya dubi na'urar, ya juya ga Rakiya da ke tsaye a gefensa.

"'Yata," ya ce a hankali, "da kin tambaye mu."

Rakiya ta sunkuyar da kai. Ruwan sama ya sauko, ya kwanta a gonar.