Burauzar da Ta Buɗe a Ofishin Mzee Ssebuliba

Ana tsakar ruwan azahar aka kira Sufeto Atuhaire zuwa wani bene a unguwar Wandegeya. Mzee Ssebuliba, wani dattijon safiyo mai auna filaye, yana kwance a ƙasan teburinsa, an fasa masa ƙeya. Matoken da ya sayo, wato dafaffiyar ayaba, ko buɗewa bai yi ba.

Kafin ta iso, wani kofur ya riga ya sa wa sakatariyar mamacin, Namutebi, ankwa, wai ita ta fara ganin gawar. Kofur ɗin nan ba ya son wahalar tunani. In ba a samu wani ba kafin yamma, ita za a rubuta wa kisan kai.

Abokin kasuwancin mamacin, Lubega, yana tsaye yana share ido da hankici. Ya ce rabonsa da ofishin tun da suka yi saɓani kan wani fili a Mukono, kwamfutar tsohon kuwa bai taɓa taɓa ta ba.

Atuhaire ta tambayi Namutebi yadda ake fitar da taswira. Ta ce a manhajar awo ake danna "duba", sai taswirar ta buɗe a burauza, daga nan a tura wa mai saye.

"Wace burauza?"

"Mai shuɗin tambari, Afande, ranki ya daɗe. Mzee ba ya yarda da wata."

"Danna mu gani."

Ta danna da hannuwa a ɗaure. Taswirar Mukono ta buɗe, amma a wata burauza dabam. A kusurwar sama ga hoton Lubega cikin kwat, yana murmushi, akwatin saƙonsa a buɗe.

"Ssebo Lubega, ka sauke taka burauzar don ka tura wa mai saye taswirar a ɓoye ta adireshinka," in ji Atuhaire. "Ta tambaye ka ko ta zama ita ke buɗe komai daga yau. Mai sauri ba ya karatu, ka danna e."

Hankicin ya faɗi. Lubega ya ce tsohon ya dawo daga sayen abinci ya tarar da shi, tsohon ya rantse sai ya kai shi hukuma. Ƙarfen awo na jingine a bango, da shi ya buga masa a ƙeya.

Aka cire ankwar daga hannun Namutebi aka maida na Lubega. A bakin matakala ya waiwayo, a hankali ya ce, "Afande, da na juya shi, yana numfashi. Na tsaya sai da saƙon ya tafi."